Anti, ƙurajen leɓena za su ɓata mini aure?

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce 'yar shekara 24, a Gwammaja nake, saura sati uku ɗaurin aurena. Tun ina sakandare wasu ƙuraje masu ruwa suke fito mini a leɓen sama, kullum a gefen hagu, musamman in na yi zazzaɓi ko lokacin sanyi. A gida cewa ake zazzaɓi ne yake fita. Shekaran jiya suka sake fesowa, na ɗauki hoto na tura wa ƙawata, ta ce ta duba a intanet, wai ciwon da ake ɗauka ta hanyar kwanciya ne, kuma ba ya warkewa. Anti wallahi ban taɓa sanin namiji ba. Kwana biyu ke nan ban runtsa ba. Sati mai zuwa za mu je gwajin aure, ina tsoron ya nuna. Na shafa makilin, na fasa kafso na barbaɗa, abin sai ƙaruwa yake. Ga yayata ta haihu, ran Asabar suna, ban san da wane ido zan kalli mutane ba. In faɗa wa wanda zan aura ko in yi shiru?

Wa alaikumus salam 'yata. Kafin komai, tashi ki wanke wannan makilin ɗin da garin kafson. Ruwa mai tsabta kawai, a hankali, ban da dirza. Ki wanke hannunki da sabulu, sannan ki dawo mu yi magana.

Ni da nake ba ki amsar nan, nawa a leɓen ƙasa yake fitowa, ɓangaren dama, kuma mun fi shekara talatin muna tare. Na san shi tun kafin ya leƙo. Sai in ji wurin yana ɗan tsikari, kamar cinnaka ya taɓa ni ya wuce, in kai harshe in ji ba komai, in duba madubi in ga ba komai. Washegari da asuba ga su nan, 'yan ƙanana huɗu ko biyar sun haɗa kai wuri guda kamar ƙwan kifi. Da shi na yi aure, da shi na haifi 'ya'yana, yanzu ga jikoki. Don haka ban ɗauki rantsuwarki da wasa ba, amma ba na bukatarta. Na yarda da ke tun kafin ki rantse.

Ƙawarki ta ɗauko rabin zance ne ta bar rabi a hanya. Sunan da ta gani gaskiya ne, likitoci suna kiran ƙwayar cutar hafis. Abin da ba ta tsaya ta karanta ba shi ne iri biyu ce. Akwai ta biyu, wadda a takardar asibiti ake rubuta HSV-2, ita ce aka fi ɗauka ta hanyar saduwa, kuma a al'aura ta fi fitowa. Akwai kuma ta ɗaya, HSV-1, ita ce mai yawan fitowa a leɓe, kuma yawancin masu ita tun suna yara suka ɗauka, ta yawu. Goggo ta ɗauki yarinya ta sumbace ta a baki, kaka ta tauna nama ta sa mata, uwa ta ɗanɗana koko da cokalin da za ta ba ta, yara biyar suna zagaye da moda ɗaya a bakin randa. Shi ke nan hanyar. Karon farko a wajen yaro wani lokaci ko alama babu, wani lokaci kuma zazzaɓi ne da dasashi ya kumbura, baki ya yi gyambo, yawu na dalala, yaro ya ƙi abinci, a gida a ce haƙori ne. Wataƙila ke ma haka aka ce da ke, aka wuce wurin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutanen da ba su kai shekara 50 ba, kusan biyu cikin kowane uku suna ɗauke da wannan ƙwayar, wato sama da mutum biliyan 3 da rabi. A Afirka ma adadin ya fi haka. Ki tsaya a bakin Kantin Kwari da rana tsaka ki kalli masu wucewa: mafi yawansu suna da ita, har da malamai da alhazai da 'yan makarantar allo. Bambancinki da su kawai shi ne taki tana fitowa fili, ta yawancinsu kuwa tana kwance har su koma ga Allah ba su san da ita ba. Ba mamaki ita kanta ƙawar taki tana ciki.

Maganar ba ya warkewa kuma, a nan ma an tsorata ki da kalma. Ƙurajen suna warkewa, ke shaida ce, tun kina sakandare suke zuwa suna tafiya. Ƙwayar ce ba ta barin jiki. Bayan kamuwar farko sai ta bi jijiyar da ke kai wa fuska ji, ta hau can cikin kai daidai wajen kunne, inda jijiyoyin suka yi ƙulli, ta laɓe. Ba ta cin komai a can, kuma a kwancen da take ba ta taɓa ƙwaƙwalwarki ko mahaifarki. In ta samu jiki ya yi sanyi da tsaro sai ta biyo wannan jijiyar ta sauko leɓe. Shi ya sa naki kullum gefen hagu, nawa kullum dama. Hanyar da ta sani ke nan.

Su Inna da suke cewa zazzaɓi ne yake fita, sun lura da gaskiya, fassarar ce ta ɗan kauce. Zazzaɓi yana tayar da ita sosai, musamman na cizon sauro. Amma fitowar ƙurajen ba ta nufin zazzaɓin ya bar jiki. Na sha ganin wanda ya ajiye maganin maleriya a kwana na biyu don wai ai ya feso ta baki. In jikinki da zafi yanzu, ki je a ɗebi jini a duba, in maleriya ce ki shanye maganin duka. Ban da zazzaɓi akwai mura, zafin rana, hunturu in ya busar da leɓe ya tsattsage, gajiya, rashin barci, damuwa, da kwanakin al'ada. To ki ƙirga da kanki. Amarya saura sati uku, kullum kina hanyar kasuwa da wajen tela cikin rana da ƙura, ga lissafin kayan ɗaki, ga 'yan uwa kowa da tasa. Da ba su fito ba ma da na yi mamaki.

Gwajin aure kuma ki kwantar da hankalinki. Dokar da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu a 2024 ta wajabta wa masu niyyar aure a Kano su yi gwajin cuta mai karya garkuwar jiki, da ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere, da jinsin jini saboda sikila. Kowane gwaji abin da aka aike shi nema shi yake nema. Ƙurajen leɓe ba za su sa na HIV ko na hanta ya nuna abin da babu ba. Ki je da ƙafarki, kanki a sama. In ma har lokacin da sauran ɓawo a leɓen, ki nuna wa likitan ya gani da idonsa, don ni daga wasiƙa nake magana. Yadda kika kwatanta, masu ruwa, a tare, wuri ɗaya, suna zuwa suna tafiya, su ne. Amma akwai masu kama da su: gyambon cikin baki mai farin tsakiya, wanda shi ba a ɗaukarsa, tsagewar kusurwar baki, da wani ƙurji mai ɓawo ruwan zuma da yara suka fi yi, wanda maganinsa daban ne.

Yanzu ga inda nake so ki tattaro duk tsoron nan da kika ɓata a kan zancen mutane ki kai shi, don a nan yake da amfani. Jaririn yayarki.

Abin da yake ɗan ƙurji a leɓen babba, a jikin jariri sabon haihuwa zai iya zama ciwon da ke kai wa ga rasa rai. Garkuwar jikinsa ba ta yi ƙwari ba, musamman a sati huɗu zuwa shida na farko, ƙwayar tana iya bazuwa ta shiga hanta da ƙwaƙwalwa. Ba kasafai yake faruwa ba, amma in ya faru ba ya zuwa da sauƙi. Ran Asabar naki ba su gama warkewa ba. Ki je suna, ki yi anko, ki ci tuwo, ki yi wa mai jego barka, amma bakinki kada ya kusanci yaron nan. Ba a baki ba, ba a kumatu ba, ba a goshi ba, ba a ɗan tafin hannunsa ba, don hannun bakinsa zai kai. In da hali ma ki haƙura da ɗaukarsa sai kin warke. In ya zama dole, ki wanke hannu da sabulu, ki sa takunkumi. Na san yadda ɗakin mai jego yake ranar suna, jariri yana yawo daga cinya zuwa cinya, kowa ya karɓa sai ya kai masa baki, wata ta yi masa tofi a fuska, wata ta lakato abu da yatsa ta sa masa. Ki ja yayarki gefe ki faɗa mata, ita ma ta sa ido a kan leɓen masu karɓa. Ko dabinon da ake taunawa a shafa wa jariri a dasashi, mai ƙurji a baki ba shi ya kamata ya yi ba, a ba wani. Wata za ta ce kun cika tsirfa, ku bar ta ta faɗa. In kuma yaro ya ƙi kama nono, ko ya yi laushi yana ta barci ba ya farkawa da kyau, ko jiki ya yi zafi, ko aka ga ƙuraje masu ruwa a fatarsa ko ido, ba a jira gari ya waye. A nufi Asibitin Yara na Hasiya Bayero, ko Murtala, ko na Malam Aminu Kano, kuma a faɗa wa likita cewa akwai mai ƙurajen leɓe da ya taɓa shi. Wannan jumlar guda tana iya sa a fara maganin da ya dace da wuri.

Wuri na biyu idonki ne. Yatsan da ya sosa leɓe ya koma ya murza ido, ko ya ɗauki maciyin kwalli, zai iya kai ƙwayar can, ta yi gyambo a kan baƙin ido, kuma wannan yana iya dusashe gani. In ido ɗaya ya yi ja yana zafi, yana ruwa, kina gudun haske, ko kina gani dishi-dishi a irin wannan lokaci, kada ki ce afolo ne ki sayi ɗigo a kemis. Wasu ɗigon suna da sinadarin rage kumburi da ke ƙara wa wannan ciwon ƙarfi. Asibitin ido za ki je a ranar, ko na ECWA a Sabon Gari, ko na Makka, ko sashen ido na babban asibiti.

Mu dawo kan leɓen. Tafiyarsa sananniya ce: tsikari da ƙaiƙayi na yini ɗaya ko biyu, sai ƙuraje, sai su fashe su yi ruwa, sai ɓawo, sai ɓawon ya faɗi. Kwana 7 zuwa 10 galibi, in ya ja ya kai sati biyu. Kin ga wannan zai tafi tun kafin a fara kamu, in kin ƙyale shi. In kin ƙyale shi fa na ce. Makilin yana ƙona fatar ne kawai. Kafso kuma maganin bakteriya ne, wannan kuwa bairos ce, ba ruwanta da shi. Haka gishiri, lemon tsami, man zafi, toka, turare, duk na ga an gwada, kuma abin da suke bari shi ne baƙin tabon da zai fi ƙurjin daɗewa. Mafi muni shi ne kirim ɗin nan mai haɗi uku da ake miƙo wa mutum a kemis don kowane irin ƙurji, da man bilicin, don yawancinsu suna da sinadarin da ke kashe garkuwar fata, ƙwayar ta samu fili ta yaɗu. Kada ki fasa, kada ki ɓare ɓawon ko da ya yi miki tsaye a rai. Na san jarabar, harshe da farce ba sa haƙuri.

Maganinsa na gaskiya a jikin kwalin za ki ga an rubuta Acyclovir ko Aciclovir, akwai na shafawa akwai na sha. Na shafawa sau biyar a rana ne, kwana biyar. Ni yadda nake tunawa: asuba, hantsi, azahar, magariba, da lokacin kwanciya. Ki ɗiga da auduga ki ɗan dangwala, ban da gogawa, ki wanke hannu kafin da bayan. Sai dai ba zan yaudare ki ba, kirim ɗin ba mu'ujiza ba ne. Abin da yake ragewa bai wuce kamar yini ɗaya ba, shi ma sai in an fara tun a tsikarin farko. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Naki da ya feso tun shekaran jiya ya riga ya wuce wannan gaɓar, yanzu lallaɓawa ce ta rage: ƙanƙara a cikin ƙyalle mai tsabta ki ɗora na 'yan mintuna, farasitamol in yana zafi, basilin kaɗan don kada ɓawon ya tsage ya yi jini. Ki ɗan yi nesa da yajin tsire da kayan tsami, ba don suna ƙara ciwon ba, don raɗaɗi kawai. Za a ce miki zuma. Ba zan hana ki ba, ba ta ƙona fata, amma kada ko ɗigo ya je bakin jariri, yaron da bai shekara ba ba a ba shi zuma.

Abin da ya fi damuna a madadinki ba wannan ba ne, wanda zai iya biyo baya ne a satin biki, lokacin da ba barci, ga rana, ga gyaran jiki. Don haka ranar gwajin nan ki yi jifan tsuntsu biyu. Ki gaya wa likita sau nawa yake fito miki a shekara, ki ce ga ranar bikinki. Acyclovir na sha ya fi na shafawa aiki, kuma likita zai iya rubuta miki ki ajiye a jaka, ki fara da zarar kin ji tsikari, ko ma ya ɗora ki a kai na 'yan kwanaki don ya tare shi. Akwai ɗan uwansa Valaciclovir da ake gama shansa cikin yini ɗaya, sai dai ya fi tsada. Ban rubuta miki adadin ƙwayoyi ba da gangan, don sai an san lafiyar ƙodarki da ko kina shan wani magani. In an ba ki, ki yawaita shan ruwa, kuma ki saya a kantin magani mai rajista, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Wanda yake fito wa sau shida ko fiye a shekara, akwai tsarin shan magani kullum na wasu watanni, ki tambaya. In kuma ƙurji ya wuce sati biyu bai warke ba, ko yana faɗaɗa, ko mutum yana da ciwon fata mai ƙaiƙayi tun yarinta, ko garkuwarsa ta yi rauni saboda HIV ko maganin daji, wannan ba na zaman gida ba ne.

Daga yau zuwa biki leɓenki kada ya bushe. Man kaɗanya ko basilin safe da dare, in za ki shiga rana kuma ki nemi man leɓe mai kariyar rana, wanda aka rubuta SPF 30 a jikinsa, ki ja mayafi ya yi miki inuwa. Ki gaya wa mai gyaran jiki kada dilka ko halawa ta zo kusa da leɓe. Mai kwalliya kuma, ki je mata da janbakinki da burushinki. Na taɓa zama a wani ɗakin kwalliya ina jiran 'yar ƙanwata, na ga burushi ɗaya ya bi leɓen amarya da ƙawaye shida, ana goge shi a bayan hannu kawai a wuce ta gaba. Ban ce komai ba ranar, kuma har yau ina jin haushin shirun da na yi. Janbakin da kika shafa a kan ƙurjin nan ma ki yar da shi. Kofinki, cokalinki, tawul ɗinki da asuwakinki, ki ware su har ki warke.

Saura tambayarki ta ƙarshe. Ki faɗa masa. Ba don kin yi laifi ba, sai don mutumin da za ku kwana ku tashi ɗaki ɗaya zai gani ko ba jima ko ba daɗe, kuma gara ya ji daga bakinki da ya je ya yi irin binciken ƙawarki. Amma yadda za ki faɗa shi ne komai. In kika kira shi cikin dare kina kuka kina cewa akwai wani sirri da kika ɓoye, kin riga kin gaya masa abin kunya ne. In ya zo zance, ki nuna leɓen ki ce, “Ka ga ƙurajen zazzaɓina sun fito, tun ina yarinya nake yinsu in na gaji. Ana ɗauka ta yawu in suna ɗanye, don haka kada ka sha a kofina.” Ya isa. Ina kyautata zaton zai ce shi ma yana yi, ko Hajiyarsu tana yi. In ya nemi ƙarin bayani ku tambayi likita tare, ai ga ranar gwaji nan tafe.

Akwai magana ɗaya ta bayan aure da ya kamata ki ji tun yanzu, tunda ba kowace uwa ce za ta iya faɗa miki ba. Daga ranar da kika ji tsikari har ɓawo ya faɗi fata ta koma daidai, bakinki ya yi nesa da mijinki, a fuska da sauran jiki gaba ɗaya, don ta leɓen ma tana iya komawa al'aura in baki ya kai can. In shi ne nasa ya fito, hukuncin ɗaya ne. Ko ba ƙurji ƙwayar takan ɗan fito a yawu jefi-jefi, amma haɗarin ya fi yawa nesa ba kusa ba lokacin da suke ɗanye. In Allah ya kawo rabo, ƙurajen leɓe da kika daɗe da su ba sa hana ɗaukar ciki, ba sa hana shayarwa. Ki dai ambata a wajen awo, kuma abin da na ce ki yi wa ɗan yayarki shi za ki yi wa naki.

Ran Asabar in kina jin nauyin idon mutane, ki sa takunkumi mai kalar ankonki, lokacin ƙura ne, ba wanda zai tambaya. In wata goggo ta matsa sai kin karɓi yaro kin sumbace shi, ki ce mura kike yi. Allah ya raya jariri, ya kai mu ranar taki lafiya. Yau kuma ki kashe wayar nan ƙarfe goma ki kwanta.